'Yar Tafki a Ɗakin Kaka

Kwanan baya na ratsa ta wani lungu a unguwar Sih, sai ƙamshin banda ya tare ni. Wata baƙuwa ce da ta zo Umara ta buɗe kwali a ƙofar masaukinsu tana raba wa 'yan uwanta kifi. Na tsaya kamar mai gyara mayafi. Idan ba a Madina ka tashi ba, ba za ka gane ba. Garin da babu kogi, hanci bai saba da hayaƙin kifi ba. Ni kuwa duk sanda na shaƙe shi, yarinya ɗaya nake tunawa.

A Harra ta Yamma muka tashi, cikin baƙaƙen duwatsun nan masu riƙe zafin rana har bayan magariba. Baba ɗalibi ne a jami'a a lokacin. Kaka, mahaifiyarsa, ta zo aikin Hajji daga Kano ta ce ba ta komawa, a nan take son ƙasa ta rufe ta. Ni ce jika mace ta farko, don haka ni ce ta Kaka. Ni nake riƙe mata takalma idan za mu Harami, ni nake zaɓa mata ɗanyen dabino mai laushi saboda haƙoranta, ni nake kwana a bayanta. Abu ɗaya ne tsakaninmu: ta yi mini magana da Hausa, in amsa da Larabci. Sai ta girgiza kai ta kira ni Balarabiyar Kaka, mu yi dariya.

A ƙasan gidanmu akwai wani tela, Bahaushen Chadi, gwauro, muna ce masa Ammu. Bayan la'asar Baba yakan sauka ƙofar shagonsa, wani ɗan Pakistan mai gasa burodi ya zo, a dafa shayi da na'ana'a, a kunna rediyo. Daga tagarmu ina jin su. Mai burodi ba shi da zance sai na bam ɗin nukiliya da Indiya ta gwada, yana cewa ƙasarsu ba za ta runtsa ba sai ta yi nata. Baba yakan hawo sama ransa a ɓace, ya ce wa Umma a dubi mutanen nan, su ma Turawa sun mulke su kamar mu, ga shi suna maganar ƙera bam, mu kuwa dutsen da ake yin sa yana ƙarƙashin ƙasar Nijar, wasu ne suke kwashewa. Ammu shi ma yana da nasa ciwon. Ya ce a can arewacin ƙasarsu akwai wani zirin hamada da ko akuya ba za ta ƙoshi a cikinsa ba, amma Libiya ta mamaye shi, wai akwai wannan dutsen a ƙasa. Mijin ƙanwarsa soja ne a wajen.

Cikin wani hunturu, lokacin da yaƙi ya cinye Njamena, aka kawo wa Ammu 'yar ƙanwar tasa. Uwarta ta rasu da wani abu ya faɗo kan gidansu, uban yana fagen fama. Mutane suka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu ta Sudan, har ta hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tela ba shi da mace a gida, sai ya hawo da ita wurinmu. Sa'ata ce, siririya, ƙafafunta duk faso, tana rungume da ƙunshin banda da wata gwaggonta ta ba ta don kada ta shiga gidan mutane hannu rabbana. Ta durƙusa gaban Kaka ta ce, "Iya, mun same ku lafiya?"

Na ga abin da ya faru a fuskar Kaka. Tun da nake ban taɓa sa ta yin irin wannan fuskar ba.

Daga ranar ta zama 'yar tafki, domin dangin uwarta masunta ne a bakin Tafkin Chadi, a can ta yi yawancin ƙuruciyarta. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka ba ta zuwa makaranta. Ni in tafi da safe da jakata, in dawo da azahar in tarar da su ƙafa da ƙafa a tabarma, Kaka na tsefe mata kai, suna ta zuba. Kaka ta jefa karin magana, yarinyar ta ƙarasa. Su tuntsire da dariya a kan abin da sai an fassara mini, in an fassara kuma daɗin ya tafi. Ta iya tuƙa tuwo, ta iya kaɗa kuka ba gudaji. Ranar da aka yi miya da kifinta, Kaka ta ci har ta suɗe hannu, ta ce rabonta da jin ta ƙoshi tun tana gida.

Ba wanda ya kore ni daga bayan Kaka. An dai matsa an yi wa wata wuri, ni a dama, ita a hagu. Amma Kaka ta fi kwanciya tana fuskantar hagu, domin yarinyar tana firgita idan motar ruwa ta buga salansa a waje. A hanyar Harami ni ke riƙe takalma, ita ke riƙe hannu. Na ɗauko kyautar hadda daga makaranta, Kaka ta sa mini albarka, sannan ta ce in riƙa koya wa 'yar uwata abin da na karanto. Har kyautar tawa ta zama tata. Akwai ranar da na zauna ina tunanin da ma ni ce aka yi yaƙi a garinmu. Ka ji irin hankalin yaro.

Haka muka yi wasu shekaru. Sai rediyo ya kawo labarin da ya raba majalisar ƙofar shago: sojojin Najeriya da na Chadi sun gwabza a kan wasu tsibirai cikin tafki. Ruwa ya ja baya, ƙasa ta fito, kowa ya ce tasa ce. Baba ya ce 'yan Chadi ne suka ƙetaro iyaka. Ammu ya ce wace iyaka, shi kakansa ya yi su a wuraren nan tun Bature bai zo da alƙalaminsa ba. Muryoyi suka tashi, mai burodi ya kwashe kofunansa. Baba ya daina sauka. Abin da ya ƙara wa wutar mai shi ne Baffa, autan Kaka, soja ne, kuma an tura su Baga, a bakin tafkin.

Cikin azumi wani ɗan unguwarmu ta Kano ya zo Umara. Ya yi sallama da rana tsaka, ya ƙi zama, ya ja Baba gefe. Baffa ya rasu a ɗaya daga cikin tsibiran, a can aka binne shi.

Kaka ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati, ta juya fuskarta bango. Gida ya cika da matan ɗalibai 'yan ta'aziyya, wasu suna satar kallon yarinyar, domin kowa ya san ubanta sojan Chadi ne, ko da yake shi yana can arewa, nesa da tafki. Umma ta ce a hankali gara ta koma wurin kawunta na 'yan kwanaki, kada ganinta ya riƙa tayar wa tsohuwa da ciwo. Yarinyar ta ɗaure kayanta, ta sauka ƙasa. Ni kuwa na matsa jikin Kaka da mafici ina yi mata fifita. Ina baƙin cikin Baffa, amma ban san shi ba sai a hoto. Abin da na sani shi ne hagu da dama duk sun dawo nawa.

Kwana biyu Kaka ba ta ce mini komai ba ban da sannu. A na uku, bayan la'asar, ta juyo ta dubi tabarma ta tambayi inda 'yar tafki take. Umma ta fara bayani. Kaka ta ce a kirawo ta, a kirawo kawunta ma. Da suka hawo, Ammu ya tsuguna a bakin ƙofa yana hawaye, Baba ya miƙa masa hannu ba tare da ya dube shi ba. Kaka ta jawo yarinyar ta ce, "Ke kaɗai a gidan nan kika san inda ɗana yake kwance. Faɗa mini yadda wurin yake."

Sai ta faɗa mata. Ta ce akwai dogayen ciyayi da ke rufe mutum da kwalekwalensa, akwai fararen tsuntsaye da ke tashi gaba ɗaya da asuba, ƙasar tsibiran baƙa ce mai sanyi, ko wake aka jefa sai ya fito. Ta ce masunta ba sa wuce sabon kabari ba su yi addu'a ba, ko na wane ne. A nan ne Kaka ta yi kukan da ta riƙe, kanta a kafaɗar yarinyar. Ni ina gefe da mafici a hannu. Na san titunan Madina duka, na san sunan kowace ƙofa ta Harami, amma ba ni da abin da zan ba ta.

Uban yarinyar bai dawo daga arewa ba, ba a ma san inda ya faɗi ba. Kaka ta rasu bayan wasu shekaru, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a kamar yadda ta roƙa. Mu biyu muka tsaya a bayan katanga, tunda mata ba sa shiga.

Yanzu 'yar tafki tana Yanbu da mijinta da jikoki. Muna waya kusan kullum, ba ni da wata 'yar uwa da ta fi ta. Na ji an ce tafkin ya ƙara janyewa, inda aka yi ta mutuwa a kai yanzu ana isa da ƙafa, wasu kuma suna can suna sabon faɗa a kansa. 'Ya'yana ba sa jin Hausa sai gaisuwa. Nata suna yi kamar a Kano aka haife su. Idan na je gidanta na ji ta tana tsawata wa jikarta, kalmomin Kaka ne suke fitowa, har da yadda take jan muryar. Kakata ce, jinina ce, amma in ina son in ji ta sai na yi tafiya har bakin teku, na zauna a falon wata. Nakan sha shayina, in roƙe ta ta sake faɗa.