Kafintan da Ya Koyi Ajiye Guduma

Wani akawu ya fara haɗuwa da wani kafinta ne ranar Litinin ta farko a watan Maris, shekarar da aka sauya kujerun ofishinsu. Ya tarar da shi yana jifan ƙofa da guduma don wani ya kushe aikinsa. Shi ya sa da kafintan ya zo neman auren ƙanwarsa, akawu ya ƙi amincewa, ko da yake fasto ya ce mutumin ya canza.

Wata Asabar ana gyaran coci, akawu ya jingina da sabon mumbarin da gam ɗinsa bai bushe ba. Katakon gaba ya faɗi ya tsage. Idanun kafinta suka kaɗa suka yi jawur. Sai ya ajiye gudumar a ƙasa, ya zura hannuwa cikin aljihu, leɓunansa na motsi da Addu'ar Ubangiji.

"Yaya, ka taki sa'a," in ji shi. "Kafin in kai amin, fushin ya gaji ya tafi. Riƙe min nan."

Akawu ya sauke ajiyar zuciya, ya riƙe katakon. A shekarar aka ɗaura auren. Yanzu kafintan dattijon ikilisiya ne, 'ya'yansu huɗu, shagonsa kuma yana nan bayan tasha.