Ƙarar motarsa a safiyar sanyi

Maigidana direba ne. Yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, mai shan gazuwal, wato man dizal, da yake ɗaukar buhunan gero da wake tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri. A ƙofar gidanmu take kwana.

Lokacin sanyi motar ba ta son tashi. Bayan sallar asuba nakan ɗebi garwashi a kasko in kai masa, ya tura ƙarƙashin injin. In ta tashi, sai ta riƙa ƙwanƙwasa da ƙarfi, kamar ana dukan ƙarfe da guduma, har kwanonina ke rawa a ɗaki. Na taɓa tambayarsa ko lalacewa ce. Ya ce a'a. Gazuwal sai iskar da injin ya matse ta yi zafi sannan take kamawa. In akwai sanyi, man yakan taru yana jira, in ya kama sai ya kama gaba ɗaya. Na ce ashe halinsu ɗaya da mai ita. Ya yi dariya, bai musa ba.

Ya rasu a ƙarshen sanyi, bayan gajeriyar jinya. Ƙaninsa ya karɓi tuƙin motar.

Takabata ta faɗo cikin bazara. Ba na fita, sai dai in saurara daga ɗaki. Kowace safiya motar na tashi da murɗa ɗaya, muryarta ƙasa-ƙasa, sumul. Shekaru ina jin wannan muryar duk bazara ban kula ba, domin a lokacin ba kunnena kaɗai nake da shi ba. Yanzu sai na ji kamar baƙuwar mota ce. Zuciyata ta ba ni cewa an canza injin.

Da ƙanin ya shigo gaisuwa, na tare shi.

"Ina ka kai injin yayanka?"

"Wane inji, Yaya?"

"Wanga da nike ji ba nashi ba ne."

"Yaya, ko ƙusa ban taɓa ba. Zafi ne. Wa ke tari a bazara?"

"Kai dai tun kana ƙarami ba ka riƙe abu ya kwana lahiya."

"To ki bari sanyi ya zo ki sha kunya."

Sai na tuna bayanin da marigayin ya yi mini. Daga ranar na fara jiran sanyi.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Sai dangi suka yanke shawarar sayar da motar a raba gado. Wani ɗan kasuwa daga Ɗan Kassari ya zo ya duba, ya ce yana so. A lokacin dare bai fara sanyi ba, har yanzu a tsakar gida muke shimfiɗa. Ban taɓa sa baki a maganar gadon ba, amma na kira ƙanin na ce ina roƙon abu ɗaya, a bar motar har sanyi ya shigo. Ya tambaye ni dalili. Na ce ina so in ji ta. Ya sunkuyar da kai, ya ce zai san abin da zai faɗa wa mutumin. Daga baya na ji ya ce wa mutumin wasu takardun motar ne ba su kammala ba.

Sanyin ya makara a shekarar. Da ya zo, wata safiya ƙanin ya yi sallama a ƙofa.

"Yaya, yau za a zo ɗaukarta. In kawo kasko?"

Na ce ya bari, ya tashe ta haka nan.

Ta yi gardama kafin ta kama. Sannan ta fara dukan nan. Ina tsaye a zaure na dafa bango, ban fita ba. Injin na ɗumama, dukan na raguwa, har muryar ta kwanta. Ban san haka abin yake da gajarta ba. Da can nakan koma wurin murhu tun bai ƙare ba.

Ƙanin ya leƙo ya ce in ina so zai kashe, a jira ta huce a sake. Na ce a'a, mutumin yana da tafiya a gabansa.