Ranar da Farfela Ta Tsaya a Sama

Gidanmu na unguwar Buokrom, a Kumasi, a ƙarƙashin hanyar jirage yake. Tun muna yara muka saba da ruguginsu, har in ɗaya ya taso Baba kan dakata da ba da karatu sai ya wuce. Amma ni ban taɓa shiga ba sai da furfura ta fara fito mini, a shekarar da yanar ido ta rufe wa Baba idanu duka biyu.

Likita ya ce a kai shi Akra a yi masa aiki. Baba yana fama da ciwon baya, ba zai jure zaman mota ba, sai ƙanwata da ke aure a Tamale ta saya mana tikiti. Na rufe shagona na atamfa a kasuwar Race Course, muka yi sammako.

Jirgin ƙarami ne, irin mai farfela biyu. Fiffikensa a sama yake kamar rumfa, injinan suna rataye a ƙarƙashi, ƙofar kuma ita ce matakala. Na riƙe hannun Baba muka hau a hankali. Ya ce in zauna gefen taga tunda ni ke da ido, in riƙa ba shi labari. Da na zauna sai ga farfelar dama daidai fuskata, ba abin da ya raba mu sai gilashi.

Aka tayar da inji. Farfela ta fara juyawa kamar ba ta so, can sai ta ɓace, ta zama wata da'ira mai hazo. Jirgi ya sheƙa, bai yi wani dogon gudu ba na ji ƙasa ta sake mu. Na ga tayoyi sun naɗe sun shige cikin inji, na ga jajayen rufin kwano na unguwar Dichemso suna ƙanƙancewa. Ina ta faɗa wa Baba, yana gyaɗa kai yana jan carbi.

Mun shiga gajimare ke nan, ma'aikaciyar jirgi ta fara tura keken ruwa, sai na ji ƙarar ɓangarenmu ta sauya. Ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu. Na duba taga. Farfelar nan da ta ɓace ta dawo. Ina ganin fikafikanta ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙe, suna juyawa a kasalance. Sai suka tsaya cak.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na so in yi salati, harshe ya ƙi. Abin da ke ɗauke da mu ya tsaya, mu kuma muna sama, ba komai a ƙarƙashinmu sai farin gajimare.

"Me ya faru?" in ji Baba. "Na ji gefen nan ya yi shiru."

"Baba, farfelar ce ta tsaya."

"Duka?"

"Ta wajenmu."

"To ɗayar fa?"

Na leƙa ta tsakanin kawunan mutane. "Tana yi."

"To, riƙe hannuna."

Wata mata Asante da ke gabanmu ta hango abin da na gani, ta ƙwalla ihu tana kiran Ubangiji da yarensu, "Awurade!" Nan take jirgi ya kaure. Masu kiran Yesu na yi, masu innalillahi na yi, wani mutum mai kwat ya miƙe tsaye ma'aikaciyar ta daka masa tsawa ya zauna. Jirgin ya ɗan karkata, ya daidaita, sannan ya fara juyawa a hankali. Ni dai idona na kan farfelar, ina jiran in ji mun rufta.

Sai wata murya ta fito ta lasifika, muryar mace, a natse. Ta yi Turanci, ta yi Twi, yaren Asante, sannan ga mamakina ta juya Hausa, irin tamu ta Zongo. Ta ce ita ce mataimakiyar matuƙi, an kashe inji ɗaya, jirgin zai iya tafiya da ɗayan, za mu koma Kumasi, kowa ya ɗaura bel.

Baba ya matse mini hannu. "Na san muryar nan."

"Baba, yanzu?"

"'Yar gidan mai goro ce, ta bayan masallaci. A wajena ta sauke Alƙur'ani."

Na ɗauka ruɗewa ce ta tsufa. A lokacin tayoyi sun fito, ƙasa tana tasowa. Na ga motocin kashe gobara sun jeru a gefen titin jirgi. Na runtse ido. Sai na ji dum, jirgi ya gangara, ya rage gudu, ya tsaya. Matar Asanten nan ta juyo ta rungume kaina tana kuka, ni da ban taɓa ganinta ba.

Mu ne ƙarshen sauka saboda Baba. A bakin ƙofa wata matashiya tana tsaye da farar riga da baƙin ɗankwali a ƙarƙashin hula. Tana ganin Baba ta zube a durƙushe.

"Malam! Kuna ciki?"

"Ashe dai ke ce," in ji Baba. "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ita ce kuwa. Na tsaya ina kallonta kamar wawa. Na san sun tashi daga unguwa da daɗewa, amma ban taɓa jin inda ta ƙare ba. Da bakina ya buɗe, abin da na iya tambaya shi ne me ya lalata injin.

"Yaya, bai mutu da kansa ba," in ji ta. "Mu muka kashe shi."

"Ku kuka kashe? Muna sama?"

Ta ce agogon man inji ne ya nuna musu matsala, in suka bar shi yana aiki zai iya cin kansa. Ta ce tun wajen ƙera irin wannan jirgi ana tabbatar da inji ɗaya zai iya riƙe shi har ya sauka. Ta ɗaga tafin hannunta ta juya shi a kaikaice, ta ce haka suke juya fikafikan farfela su fuskanci iska da kaifi kamar wuƙa, shi ya sa na gan ta a tsaye. Da sun bar ta a buɗe, iska za ta riƙa juya ta tana jan jirgin baya. Sauran aikin kuma na ƙafa ne, don jirgin yana ta son karkata wajen injin da ya yi shiru, sai an taka an riƙe shi.

Tana bayani kamar mai faɗin yadda ake dama koko. Ni kuwa sai na zauna a kan matakalar jirgi, har sai da aka kawo mini ruwa.

A zauren jira aka sanar cewa akwai wani jirgin da azahar, wanda yake so zai iya bi. Mutane da yawa suka kwashi jakunkunansu suka nufi tasha. Na miƙe zan ɗauki tamu.

"Ina za ka?" in ji Baba.

"Gida, Baba. Gobe mu nemi mota mai daɗi."

"Likita gobe da safe ya ce. Zauna. Ka nemo mini ruwan alwala."

Da azahar muka sake hawa. Na roƙi wani saurayi ya karɓi kujerar taga, na zauna a tsakiya kaina a sunkuye har muka sauka Akra. Baba barci ma ya yi.

An yi aikin lafiya. Da aka kwance bandeji, ya daɗe yana kallona, ya ce ashe na tsufa haka. Da za mu dawo na ce masa gaskiya ba zan iya sake hawa jirgi ba. Ƙanwata ce ta zo ta rako shi ta sama, ni na biyo motar haya, na iso na tarar har ya ci tuwo ya kishingiɗa.