Gwalon da Umma Ta Yi a Dubai

Ana kiran assalatu muka tashi daga Kano, ni da Umma, bayan ta gama bin maƙwabta gida-gida tana neman gafara. Wata da watanni ba ta samun barci, gabanta kullum sai dukan uku-uku. An je asibiti, an auna jini, an ce shekaru ne. Ita kuwa ta yanke wa kanta hukunci cewa tafiyar da ba a dawowa ce ta zo, har atamfofinta ta rabar. Ƙanena da ke aiki a Dubai ya aiko da biza, ya ce in kai ta. Ni dai ba zan ɓoye ba, tsoro ya cika ni.

Mun yada zango a Addis, muka sauka Dubai da yamma. Titi shimfiɗe kamar tabarma, babu rami, babu mai yi maka hon. Ƙanena yana zaune a International City, inda benaye duk kamarsu ɗaya. In ka fita ba ka riƙe lambar gida ba, sai dai wani ya tsince ka. Tasi akwai tsada, amma shayin madara mai kauri da suke kira karak da burodin tanda na 'yan Pakistan kusan kyauta ne. Umma ba ta kula ko ɗaya ba. Abin da ya dame ta kawai goronta, wanda ta naɗo a jiƙaƙƙiyar algarara, kada sanyin ɗaki ya busar da shi.

Ni da goron nan mun daɗe muna 'yar tsama. Tun rasuwar Baba ta ƙara masa wuta, bakinta ba ya hutawa. In na yi magana sai ta ce, “Goron da na gada kaka da kakanni? Yaushe kika zama likita?” A asibiti kuwa in an tambaye ta ko tana shan wani abu, sai ta ce ruwa kawai, don a wurinta goro ba ya cikin lissafi.

Kusa da babbar kasuwar 'yan Sin, wadda ba a gama zaga ta a wuni guda, akwai wani ƙaramin asibitin gargajiyarsu. Da ƙanena ya tabbatar mata likitar mace ce, Umma ta yarda. Ta dirje harshenta da asuwaki don kada ta ji kunya, sannan a cikin mota ta ɓare goro ta jefa a baki.

Likitar dattijuwa ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗora hannun Umma a kan ɗan matashi, ta sa yatsu uku a wuyan hannun, ta danna sama-sama, ta ƙara dannawa, ta koma ɗaya hannun. Can ta ce, ƙanena yana fassarawa, “Ba kya barci, kuma zuciyarki tana gudu.” Umma ta waigo ta harare mu, wai mu muka tsegunta. Muka rantse. Likitar ta dubi idonta, ta saurari muryarta, ta yi ta tambaya: gumi, ƙishirwa, cin abinci, har bayan gida. Sai ta ce a fito da harshe.

“Ni da girmana in yi wa baiwar Allah gwalo? Me ta yi mini?”

“Umma, magani ne. Yalla, shwaiya kawai,” in ji ƙanena da Larabcinsa na Dubai, wato ta daure ta fito da shi kaɗan.

Sai da likitar ta fara zaro nata harshen, sannan Umma ta rufe ido ta yi. Matar ta zabura. Harshe ja-ja-wur, ga shi an kankare farin da take son gani, don su a wurinsu launin harshe da abin da ya kwanta a kansa su ne labarin ciki. Ta tambayi me aka ci. Umma ta ce ba komai. Ni kuwa na ga ranata ta zo, na kwance bakin mayafinta na ajiye goron a kan tebur.

Likitar ba ta taɓa ganinsa ba. Ta shinshina, ta gutsura, ta yamutsa fuska. Da ta ji cewa daga safe har kwanciya ake cinsa, sai ta ce a ajiye shi, a daina kankare harshe, a dawo bayan 'yan kwanaki, domin wannan harshen goro ne ba na Umma ba. Ta ƙara da cewa kada a bar zuwa asibiti awon jini.

Abin da na shekara ina faɗa aka ƙi, baƙuwa ta faɗa sau ɗaya aka ɗauka. Kwanakin farko mun sha faɗa da ciwon kai, ko sannu ba ta amsawa. Sai wata safiya na gama soya ƙwai, rana ta fito, Umma tana ta minshari. Na tsaya bakin ƙofa ina dariya ina hawaye. Da muka koma, tun kafin a tambaya ta zaro harshe. Likitar ta sake ɗora yatsunta, ta jinjina kai. Ƙanena ya ce, “Khalas, magana ta ƙare, Yaya, kin ci gari.” Wallahi na ci, kuma ban yi kawaici ba, har cikin jirgi ina yi mata tuni.

Tafiyar nan ta koya mini cewa abin da ka saba da shi ba ka ganinsa, sai baƙon ido. Mun iso Kano lafiya, maƙwabta suka cika gida da sannu da zuwa. Umma ta amsa gaisuwa, ta raba musu ragowar goron, sannan ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, “To, tafiyar an fasa. Duk wadda ba ta kai atamfata wurin tela ba, ta dawo mini da abata.”