Tauna Tuwo

Tambaya goma sha bakwai na rubuta a ɗan littafina ranar da zan je ganin matar da ke tsara wa masu shirin tiyata abinci. Na tambaye ta a kan shayi, da azumi, da ko zan iya sujada da ɗinki a cikina. Duk ta amsa. Abin da ya zo ya ba ni wahala daga baya ba ya cikin goma sha bakwai ɗin, domin a lokacin ban san abin tambaya ba ne.

Ina aiki a wani kamfani a unguwar West Bay da ke Doha, babban birnin Qatar, aikin adana takardu da bin sawunsu, wanda ba shi da wata alaƙa da abin da na karanta a jami'a. Tun ina yaro ni mai jiki ne. Amma lokacin annobar korona, da aka ce mu yi aiki daga gida, abin ya wuce yadda na saba. A unguwar Old Airport ɗakina yake, kuma daga gado zuwa tebur taku huɗu ne, daga tebur zuwa firji taku uku. Ina tsoron cutar, ni kuma in na ji tsoro ci nake yi. Ban ce wannan ne kaɗai dalili ba, amma ina jin shi ne babba. Da aka buɗe masallatai sai na ga ba na iya tashi daga sujada sai na dafa ƙasa da hannu biyu. Daga baya na koma salla a kan kujera, a gefen sahu tare da tsofaffi, ina da shekara talatin da huɗu.

Likita ya ce suga ya fara hawa, jini ma haka. Na gwada rage abinci, na gwada tafiya a bakin teku da yamma, nauyin ya sauka kaɗan ya sake dawowa. Da ya kawo maganar tiyata, ya zayyana mini iri-iri, sai na zaɓi wadda ba a yanke komai a cikinta. Wani zobe ne mai laushi ake ɗaure saman tumbi da shi, abinci ya riƙa wucewa a hankali ta ƙaramar ƙofa, mutum ya ƙoshi da kaɗan. Akwai wani ɗan maɓalli da ake bari a ƙarƙashin fata, ta nan ake zuba ruwa da allura a ƙara matse zoben, ko a zuƙe a sassauta shi. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne da ya ce ana iya cire shi. Sau uku na sa ya maimaita.

Na yi wata da watanni ina shiri. Na yi istihara, na yi gwajin jini, na yi mako biyu ba na shan komai sai romo da madara. Mahaifiyata kaɗai na gaya wa. Da na ce mata a waya za a ɗaure mini tumbi, sai ta ce, "Wa ka yi wa laifi a can?" Sai da na daɗe ina bayani kafin ta yarda likita ne zai ɗaure, ba wani mai mugun nufi ba.

A wannan zaman da matar abinci na kawo maganar tuwo. 'Yar Lubnan ce, ba ta taɓa ganinsa ba. Na ce mata garin masara ne ake tuƙawa, mai laushi ne ƙwarai, ko mara haƙori yana ci.

Ta ce, "In ka kai lokacin cin abinci mai ƙarfi ka gwada kaɗan. Amma ka tauna sosai. Kowace loma sai ta narke a bakinka kafin ka haɗiye."

Na rubuta "tauna sosai", na ja layi biyu a ƙarƙashi. Bai faɗo mini a rai ba cewa tunda aka yaye ni ban taɓa tauna tuwo ba, kuma ban san wanda ke taunawa ba. Ana gutsura, a murza, a dangwala miya, a haɗiye. Ita ba ta san haka ba, ni kuma na san shi sanin da ya hana ni ganinsa.

Tiyatar ta yi kyau, alhamdulillahi. Ƙananan huji ne a ciki, na kwana ɗaya aka sallame ni. Wani abokin aikina ya ɗauko ni ya ajiye a ƙofar gida ya wuce. Makonnin farko ruwa-ruwa ne, sai koko, sai dafaffen ƙwai da kifi. Na bi takardar tsarin abincin da aka ba ni layi-layi. Matsalata ba a ɗakina take ba, a unguwar Najma take.

A Najma akwai wani dattijo, mutumin zangon Kumasi ta Ghana, direban bas ɗin makaranta. Baba muke ce masa. A masallaci na san shi makon da na sauka Doha, ya ji ina waya da Hausa ya kama hannuna ya ce in biyo shi. Tun daga ranar, duk Juma'a bayan salla muna haɗuwa a ɗakinsa, mu shida ko bakwai, masu gadi da direbobi, 'yan Ghana da 'yan Najeriya, a shimfiɗa leda a ƙasa a ci a faranti ɗaya. Annoba ta katse zaman na wani lokaci, da aka sassauta muka koma. Ni kaɗai ne mai aikin ofis a cikinsu, kuma ni ne na fi kowa ci. Baba yana alfahari da wannan. Yakan ce in dai Malam ya zo tukunya ba ta kwana da saura.

Ban gaya musu ba. Kunya na ji. Mutanen nan tsayuwar yini suke yi a bakin ƙofofi, wasu shayi da burodi ne karin kumallonsu da abincin ranarsu, ni kuma in zo in ce ci ya yi mini yawa har sai da likita ya sa hannu. Wataƙila ba haka za su ɗauka ba, amma haka na ɗauka za su ɗauka. Sai na ce aiki ya yi yawa, ga gasar cin kofin duniya ta matso, kamfani ba hutu. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ta hana ni zuwa ba. Na yi wata biyu ban je ba.

Wata Alhamis Baba ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, ko mun yi laifi ne?"

Na ce, "Haba Baba, wane laifi."

"To gobe ina jira."

Na je. Da na shiga sai kowa ya tsaya kallon rigata da ta yi mini yawa. Shinkafa da wake aka dafa. Na ci cokali uku a hankali na ce na ƙoshi, na ci wani abu kafin in fito. Akwai wani direba ɗan Katsina da ba ya raga wa kowa, ya ce, "Mai digiri ya fara raina abincin Najma. Can ofis an koya masa cin ganye." Aka yi dariya, ni ma na yi. Baba bai yi ba. Ya dubi farantin, ya dube ni, ya janye shi gaban wasu. A hanyar komawa na gane cewa in na ci gaba haka zan rasa wurin nan, kuma ban da shi ba ni da inda ake tambayata in ban zo ba.

Juma'ar da ta biyo baya tun daga matakala na ji ƙamshin. Tuwo ne da miyar ayoyo, wato lalo, irin na mutanen Ghana, mai ɗan tsami, da jar miya a gefe. Baba ba ya yin sa sai da dalili, don yana cin lokaci.

Ya ce, "Don kai na tuƙa. Na ga zazzaɓi ya cinye ka kana ɓoyewa. Yalla, maza, bismillah."

Ya turo malmala gabana. Na yi lissafi a raina: na kai lokacin abinci mai ƙarfi, matar ta ce in gwada kaɗan, abu ne mai laushi. Na wanke hannu, na gutsura, na dangwala. Ina jin na yi niyyar taunawa, amma ban tabbata ba. Kafin in tuna, lomar ta wuce, hannuna ya riga ya kai ta biyu, ita ma ta wuce. Ayoyo yana da santsi, ba ya jiran shawara.

Sai na ji kamar an cusa mini dutse a tsakiyar ƙirji. Yawu ya cika mini baki, gumi ya karyo. Na miƙe ban ce komai ba na fita zuwa banɗakin da ke ƙarshen baranda. Na daɗe a sunkuye kafin abin ya dawo. Da na ɗago, Baba yana tsaye a bakin ƙofa, hannunsa na dama da miya, waya a na hagu.

Ya ce, "Zuciya ce. Zan kira motar asibiti."

Na ce, "Ba zuciya ba ce, Baba. Kada ka kira."

"To mene ne?"

Na ɗaga rigata na nuna masa tabon. Na kama yatsansa na ɗora a kan maɓallin ya ji shi a ƙarƙashin fata. Na yi masa bayani kamar yadda aka yi mini, har da cewa ana iya cirewa. Ya saurara har na gama. Ina jiran ya ce me ya kai ni, ko ya ce da na yi haƙuri da yadda Allah ya yi ni. Abin da ya tambaya daban ne.

"Wa ya zauna da kai a asibiti?"

Na ce babu.

"Wa ya dama maka koko da ka dawo?"

Na ce ni na dama.

Ya ce, "Ina nan, Najma, bas yana hannuna. Aka sa maka wuƙa a ciki ban sani ba." Ya juya ya wanke hannunsa a famfo, ya daɗe yana wankewa. Na ba shi haƙuri. Na ce kunya na ji. Ya ce, "Kunyar wa? Mu da muke ganin ka kana salla a kujera?" Ban san sun lura ba, ko kuma in ce na so in yarda ba su lura ba.

Muka koma ɗaki. Shi ya gaya musu, a taƙaice, sannan ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, ba mai ƙara ce masa ya ci." Ɗan Katsina ya tambaya ko an hana ni tuwo ke nan har abada. Na ce ba a hana ba, an dai ce in tauna.

"Ka tauna me?"

"Tuwon."

Ya ajiye lomarsa ya dube ni. "Shekara nawa likitan nan ya yi a makaranta?" Dariyar da aka yi ranar har maƙwabta suka leƙo, kuma ita ce ta farko da na yi da gaske tun bayan tiyata, ko da yake ƙirjina yana ciwo.

Washegari na je asibiti, don ba zan iya barin abu irin wannan ba a duba ba. Zoben yana wurinsa, suka ɗan sassauta shi na 'yan kwanaki. Na gaya wa matar abinci yadda muke cin tuwo. Ta ce, "Gaba ɗaya? Ba taunawa?" Ta ɗauko biro ta rubuta, ta ce in maimaita mata sunan, ko wani zai zo da irin tambayata.

Ba zan ce wa kowa ya yi abin da na yi ba, ban san jikin kowa ba. Har yau akwai ranar da burodi ko tsokar nama ke tsaya mini, ba na shan ruwa a kan abinci, kuma ina komawa asibiti a duba zoben. Likita ya ce wasu daga baya sai an cire musu, ina sane da wannan. Amma lokacin gasar, da gari ya cika aka rufe wasu hanyoyi, na riƙa tafiya da ƙafa daga tashar jirgin ƙasa zuwa ofis cikin taron baƙi masu tutoci, ban tsaya neman wurin zama ba. A cikin kwanakin nan na mayar da kujerar masallaci inda na ɗauko ta. Na gode wa Allah, na gode wa likitocin, da matar nan da ta amsa tambaya goma sha bakwai ba ta ƙosa ba.

Juma'ar da Ghana za ta buga wasa da yamma, Baba ya sake tuƙa tuwo. Ya ajiye mini nawa a wani ƙaramin kwano da ya saya, abin da bai fi loma biyar ba. Sauran suka cinye nasu suka wanke hannu suka koma gaban talabijin, ni ina kan ta biyu. Baba bai tashi ba. Ya ce ba a barin mutum shi kaɗai a kan abinci. Ya zauna yana kallona ina taunawa, sai ya miƙa hannu ya gutsuri kaɗan daga ragowar tukunya, ya sa a baki, ya fara taunawa shi ma, fuskarsa a yamutse kamar mai shan magani.

Ɗan Katsina ya waiwayo ya ce, "Shi ke nan, ciwon ya kama Baba."

Baba bai kula shi ba. Ya haɗiye, ya ce, "Shekara arba'in ina tuƙa abin nan, yau na ji ɗanɗanonsa. Tsamin ya yi yawa. Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini?"

Na ce ni ma ban daɗe da sani ba. Ya ce in ci gaba, kada in yi sauri, wasan da saura.