Barista Rifkatu da Telan da Ba Shi da Adireshi

Shekara shida ke nan da rasuwar Barista Rifkatu. Ita lauya ce, 'yar kudancin Adamawa da ta tashi a unguwar Nassarawo a Jimeta, ni kuma malamin makaranta ne daga unguwar Makama. Mun saba ne lokacin da ta kawo mini littafinta in duba Hausarsa kafin a buga. Adda nake ce mata, wato yaya.

Littafin labarin kotu ne, kuma tushensa gaskiya ne. A shekarun da rikici ya koro mutane daga arewacin jihar nan, barandar shagunan Jimeta ta zama makwancin waɗanda ba su da kowa a gari. Cikinsu akwai Malam Buba, tela, wanda ya baro gida da keken ɗinkinsa a can. Aka fasa shagon da yake kwana a ƙofarsa, aka kama shi, don shi aka tarar a wurin.

Da aka zo maganar beli, alƙali ya tambayi adireshinsa. Buba ya ce, "Ranka ya daɗe, inda nake zaune ɗin ne aka kamo ni." Aka yi dariya. Adda ta miƙe ta ce ita za ta tsaya masa, a rubuta gidanta na Shagari Low Cost. Kotu ta ƙi. Ya koma gidan yari, aka yi ta ɗage zama har damina biyu, sannan mai ƙara ya daina zuwa, aka sallame shi. Ba wanda ya ce masa ba shi da laifi.

A littafin kuwa, lauyar ta gano ɓarawon, ta tona shi a gaban alƙali, kotu ta ɗauki sowa. Na ce mata ai ba haka aka yi ba. Ta ce, "Malam, wa zai sayi labarin ɗage zama?"

Yau yawancin barandun nan an sa musu ƙofar ƙarfe. Wasu daga cikin masu gudun hijirar sun koma garuruwansu, wasu sun koma kangaye a bayan gari. Da tana raye, ba na jin za ta yi dogon bayani. Za ta tambayi inda suke kwana yanzu, ta ɗauki mota ta je ta gani.

Littafin ya ƙare a kasuwa, ba a sake bugawa ba. Kwanakin baya na tarar da Buba a rumfarsa yana ɗinki, na ba shi labarin yadda ƙarshen littafin yake, don shi ba ya karatun boko. Ya saurara, ƙafarsa a kan keke. Ya ce, "Ta kyauta wa na cikin littafin. Ni dai abin da na sani, duk ranar da aka fito da ni kotu, in na waiwaya, tana nan."