Wa Zai Riƙe Almakashin, Ña Eulogia?

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba, da hantsi, Ubangiji ya kira baiwarsa Eulogia Ortellado, wadda duk ƙauyenmu na bayan Carapeguá ke kira Ña Eulogia. Tana shanya zaren da ta rina a tsakar gida ta faɗi. Kafin mijinta Don Anacleto ya ƙaraso daga gonar rogo, ta cika. Shekararta sittin da takwas. Ranar nan saura kwana ashirin da bakwai bikin Uwarmu Maryamu ta Caacupé. Na san adadin ne domin tun daga lokacin ba abin da nake yi sai ƙirga kwanaki.

Ni a aji biyar na tsaya, ban iya tsara magana ba. Amma da aka ce wani ya rubuta abin da za a karanta yau, ranar cikar addu'ar kwana tara, sai kowa ya juyo ya dube ni. To, Ña Eulogia, da ke zan yi magana, kamar yadda na saba a bakin masaƙarki.

Kowa a nan yana da bargonki a gidansa, kuma rabinmu kyauta muka samu. Ke kika wanke gawar mahaifiyata lokacin da hannuna ya ƙi motsi. Sau talatin da ɗaya kika taka zuwa Caacupé ziyarar ibada da ƙafa, tafiyar kwana biyu, kina gaba da hular kabarki, kina zagin duk wanda ya zo da sabon takalmi. Amma abin da ke tsakanina da ke ya wuce wannan.

Dahiana, 'yata, tana wata takwas zazzaɓi ya kama ta, ƙirjinta yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya ce mu yi addu'a. Ni na kasa. Ke da kika riƙe ta a baftisma, ke kika durƙusa a dandamalin asibiti kika yi bakance da ƙarfi, kowa yana ji: idan yarinyar nan ta tashi, almakashi ba zai taɓa kanta ba sai ta cika sha biyar, sannan za ki kai ta Caacupé da ƙafa, ki yanke kitson da hannunki, ki ajiye wa Uwarmu. Ta tashi. Ta cika sha biyar a watan Agusta. Kitsonta yau yana taɓa bayan gwiwarta.

Akwai abin da mutane kaɗan suka sani, yau zan faɗa a gaban kowa. Tana shekara biyar, na je niƙan masara da ita, jelar kitsonta ta shiga bel ɗin injin. Ban yi tunani ba. Na fizgi wuƙar da ke kan buhu na datse. Tsawon tafin hannu biyu ya tafi. Da na ga gashin yana juyawa a cikin injin, sai na gane abin da na yi, na zo gidanki da gudu, yarinya a kafaɗa, ina cewa na karya alkawari, za a karɓe ta.

Kika miƙe. Kika sa takalmi kika tafi wurin mai injin, kika sa ya kashe, kika zauna kina tsince gashin ɗaya bayan ɗaya daga cikin baƙin mai da gari. Kika wanke shi da sabulu, kika shanya tare da zarenki. Sannan kika dube ni.

"Fide, ke dai akwai tsoro kamar zomo. Na ce zan kai mata gashi. Na ce miki sai yana manne da kai?"

Na yi dariya ranar, amma tsoron bai fita ba. Shekara goma, duk tarin da Dahiana ta yi sai gabana ya faɗi, in ce ga shi an zo karɓarta. Ban sake ganin gashin nan ba, ban kuma taɓa tambayarki ba, don ina tsoron ki ce ya ɓata.

Tun watan Satumba kika fara shirya mu. Kowace Lahadi bayan sujada sai mu taka zuwa gadar rafi mu dawo, daga baya kika ƙara mana har mararraba. Kin koya mana tafiya a gefen da za mu riƙa ganin motar da ke zuwa. Kin ce a shafa man shafawa tsakanin yatsu, a sa safa biyu, kada a zauna fiye da minti goma, ƙafa za ta yi fushi. Dahiana tana tafe tana latsa waya, kika ce mata, "Ke 'yar gwal, Uwarmu ba ta amsa saƙon waya, ɗaga kanki." Ita kuma ta kira ki da sunan uwar baftisma, ta ce, "Madrina, ke da kike tsayawa shan tereré, shayinki mai sanyi, a kowace inuwa, a haka za mu kai kafin Kirsimeti?" Kika bi ta da hula. Wannan ita ce Lahadin ƙarshe. Bayan kwana biyu kika faɗi.

Ña Eulogia, ina jin tsoro. Ban taɓa yin wannan tafiya ba. Ina tsoron manyan motocin da ke wucewa har iskarsu ta ture mutum. Ina tsoron zafin ranar Disamba, tsakiyar bazararmu, a kan kwalta, da ƙirjin yarinyar nan a hawan tudun ƙarshe. Gidajen da kike sauka a hanya, mai bishiyar mangwaro, da na matar da ke ba ki ruwan wanke ƙafa, duk a kanki suke, ba ki rubuta ba, ni kuma ban riƙe ba don na ɗauka kina nan. In tafiyar Lahadi ce ta gajiyar da zuciyarki, ke da kika taka sau talatin da ɗaya, ni wace ce? Abin da ya fi duka, bakinki ne ya yi bakancen, hannunki aka ambata. Fada, limamin cocinmu, ya ce mini Allah ba ɗan sanda ba ne, kowa zai iya cika alkawarin. Na ce to. Na fito daga coci.

Har na yanke a raina ba za mu je ba. Na ce wa Dahiana mu hau mota, mu kunna kyandir, mu dawo. Ta ci gaba da taje kanta.

Shekaranjiya da yamma Don Anacleto ya zo ƙofarmu da jakar saƙa a hannu. Ya ce a ƙarƙashin gado ya same ta, an ɗaura mata zare ja, ya san ba tasa ba ce. Muka buɗe a kan tebur. Safa ƙafa shida. Gwangwanin man shafawa. Almakashinki na yankan zare, an wasa shi. Can ƙasa kuma wani ƙullin farin ƙyalle. Ban iya kwance shi ba, Dahiana ce ta kwance. Gashin ne, siriri, mai laushi, gashin 'yar shekara biyar, kin kitse shi kin ɗaure bakinsa biyu. Shekara goma yana wurinki.

Dahiana ta ɗora shi a kan nata kitson tana gwadawa. Ta ce, "Mama, gidan mangwaron yana bayan gidan mai na biyu. Matar ruwan kuma Ña Tomasa sunanta. Kina tsammani ba na ji ne?" Sannan ta turo mini almakashin. "Hannun da ya fara shi zai ƙarasa."

Ba zan yi miki ƙarya ba, tsoron yana nan. Jiya na gwada riƙe almakashin, ban daɗe ba na ajiye. Amma ranar Asabar, shida ga Disamba, da gari ya waye, za mu fito ta ƙofar gidanki, da tsofaffin takalma. Dahiana ta roƙi hularki, Don Anacleto ya ba ta. Ita za ta shige gaba.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka Eulogia, ka yafe mata kurakuranta, ka ba ƙafafunta hutu, haskenka ya sauka a kanta har abada. Uwarmu Maryamu, ga wadda ta zo ƙofarki sau talatin da ɗaya, ki tarbe ta a wannan zuwan. Ina miƙa ta'aziyyata ga Don Anacleto, da 'ya'yanta Zunilda da Eligio, da jikokinta bakwai, da duk wanda ke kwana cikin bargon da ta saƙa. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Ke kuma, Ña Eulogia, in an ba ki dama a can, ki riƙa duba mana hanya. In kin ga hannuna yana rawa ranar, ki dafa shi.

Fidelina Cáceres